Taswirar Sahabi

Duk lokacin da aka turo mini sababbin malamai, yaran nan masu digiri da jaka a baya, tambayarsu ta farko ita ce ko akwai intanet mai ƙarfi. Ta biyu, ko ɗaliban suna jin Turanci. Daga nan sai su gyara zama su ce ai koyar da kodin, wato rubuta wa kwamfuta umarni, ba wani abu ba ne, ka kunna kwamfuta, ka rubuta, yara su kwafa. Ni kuwa sai in bar su su gama. Wanda bai taɓa riƙe filafili ba shi yake ganin tuƙin kwalekwale wasa ne. Na gaji da maimaita labarin nan da baki, shi ya sa na rubuta shi. Duk wanda ya zo, sai ya karanta kafin in ba shi makullin aji.

Da tafireta na fara, a rumfar Malam Isa Akawu, can kusa da kotu a Yelwa. Shekara biyu cur ban buga ko harafi ɗaya na kuɗi ba. Aikina shi ne goge haruffan ƙarfe da tsohon buroshi da kananzir, canza zaren tawada, da jera takardar kabon uku-uku ba tare da ta karkace ba. Ranar da ya fara ba ni aiki, takardar sayar da gona ce. Na buga ta sau huɗu yana yagawa, don kawai gefen hagu ya fi na dama faɗi. Malam Isa yana da dokoki biyu da ba ya wasa da su. Ta farko, duk takardar da ta fita daga hannunka ka sa sunanka a ƙasa, don a cewarsa wanda ya ɓoye sunansa, ko dai ɓarawo ne ko aikinsa bai yi kyau ba. Ta biyu, aikin da ya fi kyau a manna shi a ƙofa kowa ya gani. Yakan ce, "Aikin da ba a gani ba, ba a yi shi ba." Da waɗannan dokoki na ci abinci kusan shekara talatin, kuma ban taɓa zaton akwai ranar da za su cuce ni ba.

Da kwamfuta ta shigo na buɗe shagona. Katin ɗaurin aure, kalandar saukar karatu, tambarin buhun shinkafa, allon shago, duk na yi. Akwai wani dillalin albasa da ya dage sai na sa kala bakwai a katinsa, da hoton jirgin sama, alhali ko filin jirgi bai taɓa zuwa ba. Na yi masa nasa, na yi nawa mai kala biyu, na ajiye su gefe da gefe. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗauki mai kala bakwai. A nan na gane zane rabinsa ido ne, rabinsa haƙuri. Kodin kuwa da furfura na koye shi, a hannun wani ɗan bautar ƙasa da na haifi kamarsa. Yana yi mini tsawa ina cewa to. Gemu ba ya hana ilimi, amma yana sa a ji kunya.

Sai shekarun nan suka zo. Aure ya ragu, shaguna suka daina canza allo, ƙauyuka suka fara kwararowa gari da tabarmi da tukwane. Makarantun firamare suka cika da 'yan gudun hijira. Wata ƙungiya ta kawo kwamfutocin cinya guda goma da faifan sola, ta kama ɗaki biyu, ta ce in koya wa matasan da 'yan bindiga suka raba da gidajensu zane da kodin. Na karɓa da saurina, don a lokacin firintata ta fi wata ba ta yi zafi ba.

Ranar farko ta koya mini abin da babu shi a littafi. Batir ya mutu, na tayar da janareta, ya yi wata ƙara kamar harbi. Kafin in juyo, aji babu kowa a kan kujera, duk suna ƙarƙashin tebur. Ba wanda ya yi dariya da suka fito. Na jera kujeru suna kallon bango kamar yadda ake yi a ko'ina, sai na ga kowa yana ta waige, don ba mai yarda ya ba ƙofa baya. Na juya tebura. Na daina tsayawa a bayan ɗalibi ina leƙa aikinsa, sai dai in zo ta gefe, in yi gyaran murya tukuna. In babura suka wuce a jere, darasi ya tsaya ke nan har ƙarar ta ɓace.

Darasin farko da ake ba kowa a duniya shi ne ka gina shafi game da kanka, sunanka, garinku, iyayenka. Na ba su. Wata yarinya ta buga "Sunan mahaifi", ta sa ɗigo biyu, ta zauna tana kallon wurin har aka tashi. Tun daga ranar na soke darasin. Yanzu da jerin kifaye muke farawa, giwan ruwa, tarwaɗa, ƙarfasa, kowanne da hotonsa da kuɗinsa. Ba wanda kifi ya taɓa sa shi kuka a ajina. Waɗannan duk ƙananan kurakurai ne, na gyara su cikin mako. Babban yana gaba.

A rukuni na biyu Sahabi ya zo. Shekarunsa ba za su wuce ashirin ba, ɗan masunta ne daga wani ƙauye na bakin ruwa a yankin Ngaski. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, in kun kai ƙarshe za ku san dalili. Hannunsa duk kanta, yana damƙar linzamin kwamfuta kamar zai tsere masa. Amma kodin ya shige shi da wuri fiye da kowa. Da na ce duk alamar da ka buɗe sai ka rufe ta, in ba haka ba shafi ya wargaje, sai ya ce, "Awa ɗinkin taru ke nan, Malam. Ƙulli guda in ya kwance, kihi duka ta nan za su bi." Tun yana yaro yake gyaran raga, saboda haka idonsa ya saba neman inda ya ɓalle. Yakan gano kuskure a layi ɗari kafin ni in gama goge tabarau. A kwamfuta mai lamba huɗu yake zama, kusa da taga.

Da lokacin aikin kammalawa ya zo, kowa ya zaɓi nasa. Masu shafin sayar da kifi, masu tambarin shago. Sahabi ya ce taswirar garinsu zai yi. Na ce wa zai saya? Washegari ya zo da kakarsa, Inna Tumba, tsohuwa mai sanda, ita ta ba ni amsa.

Ta ce, "Malam, garinmu na hwarko ruwa yac ci shi, lokacin da anka yi dam. Ba wanda ya zana shi. Yau ko kushewar ubana ban san inda take ba, kwalekwale ka bi ta bisa. Wanga na biyu kuma wuta tac ci. In mun koma, wa za shi tuna gidan wane da iyakar gonar wane? Tsohhi suna ta mutuwa. Tunda yaro ya iya zane, ya aje muna garin wuri guda."

Wata uku ya yi a kanta. Da safe ya bi tsofaffi aji-aji a makarantar da suke zaune da littafinsa, wannan ya ce gonata daga tsamiya ta fara, wancan ya ce ƙarya ne daga suri ne, sai ya jira su daidaita sannan ya rubuta. Da rana ya zo ya zana. Ya yi ta yadda in ka danna gida sai sunan maigidan ya fito, in ka danna gona sai ka ga iyakokinta da maƙwabtanta. Masallaci, rijiya, rumbuna, maƙabarta, ba abin da ya bari. Na shekara talatin a sana'ar nan ban ga aikin ɗalibi kamar wannan ba.

Ina duba aikin ne na ga wani siririn layi, toka-toka, ya taso daga bayan masallaci, ya ratsa dogayen ciyayi, ya ƙare a wani lungu na bakin ruwa. Na ce mene ne wannan?

Ya ce, "Ta nan munka tsira, Malam. Nan muka ɓoye jirage."

Ku saurara da kyau, don a nan ne. Mutum ya ce mini ta nan suka tsira, amma ni ba abin da na ji. Idon mai zane kawai na sa. Na ce layin ya yi siriri, ba ya fitowa, ya ƙara masa kauri ya mai da shi ja. Ya ɗan yi jim, ya yi. Sannan na ce ina sunanka? Ya ce, "Malam, na gida ne, ba sai an sa ba." Na karanta masa dokar Malam Isa daga farko har ƙarshe. Ya buga sunansa da na mahaifinsa a ƙasa.

Da ya tafi na ɗauki wayata na yi wa allon bidiyo, na danna gida uku don a ga yadda abin yake aiki, na bi jan layin da yatsa. Na ɗora a shafin intanet na cibiyar koyarwarmu, na tura zauren waya na masu sana'ar ɗab'i. Ban tambaye shi ba. Ban ma yi tunanin akwai abin tambaya ba, ai a ƙofa ake manna aiki mai kyau. Kafin magariba yabo ya cika wayata. 'Yan ƙungiya suka kira suna murna. Da safe na tare shi da albishir, na nuna masa yawan waɗanda suka gani. Bai yi murmushi ba.

Ya ce, "Malam, har da jan layin?"

Na ce, "Har da shi mana, ai shi ya ƙawata aikin."

Sai da na kwana biyu maganar tana cina sannan na cire bidiyon daga shafin. Amma magana zarar bunu ce. Ya riga ya shiga wayoyin da ban san adadinsu ba.

Da kaka ta yi, mazan garin suka fara satar jiki suna komawa yankan shinkafa. Su tafi da sassafe a kwalekwale, su ɓoye jiragen a lungun nan, su dawo kafin la'asar. Wata rana da hantsi aka afka musu a gona. Suka ruga ta hanyar da suka saba, ta bayan masallaci. Wannan karon an riga su isa bakin ruwa. Cikin waɗanda ba su dawo ba har da ƙanen mahaifin Sahabi.

Har yau ban sani ba ko taswirar ce. Wanda ya hau bishiya ya yi kwana biyu yana kallo zai iya gane inda jirage ke shiga. Na sha gaya wa kaina haka. Ba ya hana ni jin abin da nake ji, kuma abin da nake ji shi ne da hannuna a ciki.

Bayan 'yan makonni 'yan sa-kai suka kama wani mai kai wa 'yan bindiga fetur. A wayarsa aka ga bidiyon, kamar yadda za a gan shi a wayar rabin gari. Amma a ƙasansa akwai suna, ɓaro-ɓaro, da harafin da ni na zaɓa don ya fi karantuwa. Ku da kuka taso a birni ba ku san nauyin kalmar infoma, mai kai wa 'yan bindiga rahoto, a wurin nan ba. Wanda aka liƙa wa ita ba kasafai yake kai wa gaban alƙali ba.

Bayan azahar suka zo cibiya, su huɗu, da bindigogin gida. Babbansu ya ce, "Wane na Sahabi?" Yana zaune a lamba huɗu, hannunsa a kan madannai. Na tsaya a bakin ƙofa. Na ce yaron nan yana da maigari, yana da uba, a je gabansu, ni ma ina da magana. Allah ya sa babban nasu na taɓa buga masa katin aure. Ya yarda.

A ƙarƙashin darbejiyar makarantar aka zauna. Na faɗi komai. Na ce ni na sa ya ƙara wa layin kauri, ni na tilasta masa sa suna, ni na ɗora ba da saninsa ba. Na ce in akwai mai laifi ga shi tsaye. Maigari, dattijo ne mai sanyin murya, ya bar ni na gama.

Ya ce, "Malam, mun ji, kuma mun yarda kai kaɗ ɗora. Amma kai baƙo na. Wa ya gwada maka hanyar? Wanga mashigi ko surukanmu ba mu hwaɗa ma shi. Ɗiyanmu mata da sunka yi aure waje, ba su hwaɗa ma mazansu. Shi ya sani tun shina goye."

Ban san da wannan ba. Wata uku ina kallon garinsu a allo, na san rijiyarsu da rumbunansu, amma ban san abin da ba a faɗa ba. Sahabi bai kare kansa ba. Mahaifinsa yana zaune a gefe, bai ɗago kai ba har aka tashi. Inna Tumba ce kaɗai ta yi magana, ta ce ita ta sa shi, aka ce mata ta yi haƙuri ta zauna.

Hukuncin biyu ne. Ba za a miƙa shi ga 'yan sa-kai ba, amma ya bar cikinsu, kada a sake ganinsa. Sannan a goge taswirar a duk inda take. Suka biyo ni cibiya, suka tsaya a kaina, na wanke kwamfutoci goma ɗaya bayan ɗaya, har da aikin sauran ɗalibai. Filas ɗin da na adana kwafi a ciki, a bakin ƙofa aka daka shi da dutse. Ban ɓoye ko ɗaya ba. A ranar ina ganin wannan ne kaɗai abin kirkin da ya rage in yi.

Wannan ita ce muguwar shekarata. Iyaye suka janye 'ya'yansu, aka ce a wurina ake koya wa yara zama infoma. Na yi watanni ina buɗe aji ina share ƙura ina rufewa. Sai da na bi tsofaffi ɗaya-ɗaya, na yi alkawarin ba abin da zai sake fita daga ɗakin nan sai mai shi da iyayensa sun gani sun yarda, sannan yara suka fara dawowa. Har gobe haka muke aiki. Waya ba ta ɗaukar allon ɗalibi a ajina. In ɗalibi ya yi jim kafin ya bi umarninka, kada ka ɗauka rashin ganewa ne, tsaya ka tambaye shi me ya sani da ba ka sani ba.

Bara da abubuwa suka ɗan lafa, mutanen garin suka fara komawa. Suka tarar da kufai, ciyawa ta fi mutum tsayi, tsamiyar ma an sare ta. Inna Tumba ta rasu a makarantar nan, tare da yawancin tsofaffin da suka san iyakoki. Rikicin gona ya tashi tsakanin 'yan uwa, har an fasa wa wani kai. Wata safiya sai ga Maigari a ƙofar cibiya. Mun daɗe muna gaisawa kafin ya iya faɗin abin da ya kawo shi.

Ya ce, "Malam, ko akwai sauran abin nan wani wuri?"

Na ce babu. Na nuna masa abin da ya rage a duniya, wato bidiyona da har yanzu yake yawo a wayoyi. Gida uku ne a ciki, da yatsana yana bin jan layi. Sunaye da iyakoki sai an danna suke fitowa, kuma abin dannawar na goge shi a gabansu. Ya daɗe yana kallon wayar. Ya ce in na san inda yaron yake, in gaya masa an yafe, ya dawo ya sake yi musu.

Na yi ta cigiya har aka ce an gan shi a Wara. Na je ranar kasuwa. Ban tambayi kowa ba, don ina sauka kwata, inda jirage ke tsayawa, na ga hannunsa. Jirage uku a jere, an rubuta musu suna a gefe, tazarar haruffan daidai wa daida, kala biyu kacal. Mai zane yana gane ɗalibinsa kamar yadda uwa ke gane tarin ɗanta. Na same shi can ƙarshe, tsugune gefen wani sabon jirgi da gwangwanin fenti. Ya miƙe ya gaishe ni da ladabi, ya tambayi iyali, ya tambayi aji. Na ba shi haƙuri, ya ce ba komai, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Wannan ba komai ɗin ya fi mini zagi ciwo.

Na isar da saƙon Maigari. Na ce lamba huɗu tana nan, zan ba shi ita kyauta, ba za ta taɓa shiga intanet ba. Na ce ko ya manta wasu wuraren, za a taimaka masa.

Ya ce, "Ban mance ko gida guda ba, Malam. Duk suna cikin kaina, da gonakin, da wa ke maƙwabtaka da wa." Ya tsoma buroshi a fenti. "Ka bar su nan. Nan kaɗai na wurin da ba a iya tura ma wani."

Na ce to gonakin fa, mutane suna fasa kan juna?

Ya ce, "In sun so, su zo su ɗauke ni, in taka da ƙahwata in gwada ma kowa iyakatai. Amma ba ni ƙara zana garinmu."

Na kai wa Maigari amsar. Har zuwa ranar da nake rubutun nan ba wanda ya je ɗaukarsa, don aika saƙon yafiya ta bakin baƙo ya fi sauƙi a kan zama jirgi ɗaya da shi.

A ranar dai ban tafi nan da nan ba. Na tsaya har ya gama harafin ƙarshe, na ga ya ja baya ya ƙanƙance ido yana auna tazara, yadda na koya masa. Aikin ya yi kyau. Idona ya sauka ƙasan rubutun, kusurwar dama, inda Malam Isa ya koya mini, ni kuma na koya masa. Ya ga inda nake kallo. Ya wanke buroshinsa, ya rufe gwangwanin, ya bar wurin babu komai.